Sunaye Uku a Mararrabar Osu

A gabashin tsohon birnin Akra, wanda Hausawan zango suka saba kira Ankara, akwai wata unguwa a bakin teku da ake ce da ita Osu. A can ne wani babban farin gida mai ganuwa yake tsaye bisa duwatsu, raƙuman ruwa suna dukan gindinsa dare da rana. Mutanen Danmak ne suka gina shi a ƙarni na 17, suka sa masa suna Christiansborg, suka yi cinikin zinariya da bayi a cikinsa, sa'an nan suka sayar wa Ingilishi a 1850. Daga baya ya zama mazaunin Gwamnan Gwalkwas, wato ƙasar da ake kira Gana yanzu. Kafin mutum ya kai ƙofar gidan nan sai ya bi ta wata mararraba, kusa da babban filin da ake bikin 'yancin kai. A gefen mararrabar an keɓe ɗan fili, an kafa mutum-mutumi uku na sojoji, kowanne da sunansa: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey.

Yawancin duwatsun tunawa da sojoji an kafa su ne domin waɗanda abokan gāba suka kashe a bakin daga. Mutanen nan uku kuwa sun je yaƙin duniya na biyu, sun komo gida da ransu. Harsashin da ya kashe su daga bindigar gwamnatin da suka yi wa yaƙi ya fito, a cikin ƙasarsu, da rana tsaka, ran Asabar 28 ga Fabrairu 1948, alhali ba makami a hannunsu.

Kafin a gane yadda aka kai ga wannan rana, sai an koma baya an dubi asalin rundunar da suka yi wa aiki, gama tarihinta ya shafi Hausawa ƙwarai. A 1863 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila mai suna Glover ya tara waɗansu Hausawa a Ikko, da yawansu bayi ne da suka tsere daga hannun iyayengijinsu, ya ba su bindigogi, ya koya musu fareti. Su ne ya kai yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. A 1879 aka kafa wa Gwalkwas tata runduna da waɗansu daga cikin mutanen nan, aka yi ta kiranta rundunar Hausawa, har zuwa 1901 sa'ad da aka mai da ita rundunar sojan Gwalkwas sosai, reshe ɗaya na babbar rundunar Afirka ta Yamma wadda sojan Nijeriya ma suke ciki. Ainihin Hausawa sun yi ta raguwa a cikinta, amma harshensu ya zauna daram. Da Hausa samanja yake yi wa kurata tsawa, da Hausa ake hira a bariki, har taken rundunar ma Hausa ne: Kullum Shiri.

Waɗanda suka cika rundunar mutanen arewa ne: Gurunshi, da Dagomba, da Dagarti, da Farafara, da kuma Moshi da Zabarmawa waɗanda suka ƙetaro daga ƙasashen da Faransa take mulki. Waɗansu talauci ne ya kawo su, waɗansu kuwa sarakunansu ne suka turo su domin cika adadin da Turawa suka yanka wa kowace ƙasa. Magatakardan bariki bai cika damuwa da sunan uban mutum ba. In kurtu ya faɗi sunansa na yanka, sai a liƙa masa sunan garinsu ko na ƙabilarsa, a rubuta Kano, ko Moshi, ko Dagarti, shi ke nan ya zama sunansa har ya bar aiki ko ya mutu. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin za a komo kansa.

Ɗaya daga cikin masu irin wannan suna shi ne Alhaji Grunshi. A watan Agusta 1914, sa'ad da sojan Gwalkwas suka shiga Togo domin su ƙwace ta daga hannun Jamus, shi ne aka shaida cewa ya fara harba bindiga a cikin dukan sojojin Ingila a yaƙin duniya na ɗaya. Cikin mako uku Jamusawa suka rushe babbar tashar wayar iska da suka gina a Kamina, suka miƙa wuya. Daga nan aka kai rundunar Kamaru, aka kuma kai ta Afirka ta Gabas, inda zazzaɓi da atuni da yunwa suka yi wa sojoji da 'yan dako ɓarna fiye da harsashi.

A yaƙi na biyu abin ya fi haka girma nesa. Wajen mutum 65,000 ne suka sa kaki daga Gwalkwas. An fara kai su yaƙi da Italiya a iyakar Kenya da Somaliya da Habasha, suka yi nasara a El Wak a Disamba 1940, suka sha wuya a Wadara a 1941. Sa'an nan aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama, a cikin manyan runduna biyu masu lamba 81 da 82, kafaɗa da kafaɗa da 'yan Nijeriya da Saliyo da Gambiya. A kwarin kogin Kaladan ba hanyar mota. Abinci da harsashi daga sama jirage suke jefo musu, sauran aikin kuwa a kā ake yinsa, mutum ya ɗauki kaya ya hau dutse ya sauka, ga ruwan sama, ga matsattsaku, ga sojan Japan a ɓoye cikin kurmi. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung.

Wannan yaƙi ya kawo wani sabon abu a bariki. Sojan zamani yana bukatar direbobi, da makanikai, da masu buga waya, da akawu, da masu jiyya, su kuwa sai a kudu ake samunsu, cikin samarin da suka yi makarantun mishan, irin waɗanda mishan ɗin Basel ya kafa a Osu da Akropong, da na Metodis a Cape Coast. Samarin nan sun iya karatu, suna karanta jarida. Sun zauna a Indiya a daidai lokacin da Indiyawa suke matsa wa Ingilishi lamba su tafi. Sun ga farar fata yana jin tsoro, yana kuka, yana mutuwa kamar kowa. Sun kuma lura da bambancin albashi da na abinci tsakaninsu da sojan Turawa masu igiya ɗaya da tasu.

Da aka sallame su a 1945 da 1946, sun komo da zaton za a cika alkawaran da aka yi musu na aiki, da fansho, da kuɗin sallama mai kauri. Abin da suka tarar daban ne. Kuɗin sallamar bai taka kara ya karya ba, tsadar kaya kuwa ta cinye shi cikin 'yan watanni. Direbobin da suka tuƙa manyan motoci daga Mombasa zuwa Habasha suka rasa motar tuƙi. Masu rauni suna karɓar fanshon da ba ya ciyar da gida. Na arewa da yawa suka koma ƙauyukansu suka kama fartanya, waɗansu suka maƙale a zangunan Akra da Kumasi suna aikin gadi. Na kudu masu ilimi su ne suka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiya, wadda B. E. A. Tamakloe yake sakatarenta, suka yi ta rubuta takardun koke, amsa ba ta zuwa.

Ba su kaɗai ne masu fushi ba. Manoman koko suna kuka domin gwamnati tana sare musu itatuwa saboda wata cuta mai kumbura reshe, har da itatuwan da suke ba da 'ya'ya. Mutanen birni suna kuka da manyan kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Sham, waɗanda suka riƙe cinikin atamfa da sauran kayan waje. Wani basarake na Osu, Nii Kwabena Bonne na Uku, ya kira mutane su ƙaurace wa kantunan nan tun daga 26 ga Janairu 1948, mutane kuwa suka amsa har kantuna suka yi tsit. Aka yi sulhu cewa za a rage riba, a koma ciniki ran 28 ga Fabrairu. A gefe guda kuma ga sabuwar jam'iyyar UGCC, wadda aka kafa a Agusta 1947, ta ɗauko Kwame Nkrumah daga Landan ya zama sakatarenta. Ran 20 ga Fabrairu shi da Dokta J. B. Danquah suka yi wa 'yan mazan jiya jawabi a wani gidan siliman Akra. Gwamna Gerald Creasy kuwa baƙo ne, watansa ɗaya da 'yan kwanaki a ƙasar, ya gāji mutanen ofis waɗanda suka gaskata cewa Gwalkwas ita ce 'yar lelen mulkin mallaka, ba abin da zai taso a cikinta.

Ranar da za a buɗe kantuna, ita ce kuma ranar da 'yan mazan jiya suka sa domin kai kukansu. An ba su izinin yin jerin gwano, amma an zana musu hanyar da za su bi, aka ce wakilai kaɗan ne za su kai takardar ofishin sakataren gwamnati. Da tafiya ta yi tafiya, jama'a suka yi ta shiga har taron ya kai wajen mutum 2,000, sai aka bar hanyar da aka zana aka nufi gidan Gwamna. A ganinsu, wanda ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi ya isa ya tsaya gaban wakilin Sarki ya miƙa masa takarda hannu da hannu. A mararrabar Osu suka tarar da 'yan sanda kaɗan sun tare hanya, Baturen da yake shugabansu shi ne Sufuritanda Colin Imray. Aka ce su tsaya, suka ƙi. Aka jefa hayaƙi mai sa hawaye, duwatsu suka fara tashi daga cikin taron. Imray ya ba da umarni a yi harbi, amma ba ɗaya daga cikin 'yan sandansa baƙaƙe da ya harbi taron. Sai ya fizge bindiga daga hannun ɗayansu, ya harba sau shida da kansa. Saje Adjetey, wanda yake gaba, ya fāɗi. Rahoton gwamnati ya ƙirga mutum biyu da suka mutu nan take, da waɗansu masu rauni. Mutanen Gana sunaye uku suka riƙe, su ne kuma suke rubuce a wurin har yau.

Yana da kyau a dakata kaɗan a kan 'yan sandan nan da ba su ja kunamar bindiga ba. Ƙin bin umarni a gaban taro babban laifi ne ga mai kaki, sun kuma sani. Sunayensu ba sa cikin waɗanda ake kira a ranar tunawa, amma da sun yi abin da aka umarce su, da gawawwakin da za a kwasa a mararrabar nan sun fi uku nesa.

A cikin gari kuwa an riga an fara hayaniya, domin mutane sun je kantuna sun ga farashi bai sauka yadda suka zata ba. Da labarin harbin ya iso, sai wuta ta haɗu da ƙaiƙayi. Aka fasa kantunan Turawa da na 'yan Sham, aka kwashe kaya, aka cinna wa waɗansu wuta. Kashegari aka ɓalle ƙofar kurkukun Ussher aka saki fursunoni. Tarzomar ta bazu zuwa Nsawam, da Koforidua, da Akuse, da Kumasi. Kafin ta lafa mutum 29 sun mutu, 237 sun ji rauni. Gwamna ya kafa dokar ta-ɓaci, aka kuma kawo sojoji daga Nijeriya domin su taimaka a kwantar da ita, wato 'yan rundunar da suka sha ruwan kwari ɗaya da mutanen nan a Bama.

Gwamna Creasy ya ɗora laifin a kan makircin 'yan kwaminis. A tsakiyar watan Maris aka kama shugabannin UGCC shida: Danquah, da Nkrumah, da Obetsebi-Lamptey, da Akufo-Addo, da Ako Adjei, da William Ofori Atta, aka rarraba su a garuruwan arewa. Ba su ne suka shirya tarzomar ba, amma kamun ya ɗaukaka su a idon jama'a, aka fara kiransu Manyan Shida. Gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin bincike a ƙarƙashin Aiken Watson. Kwamitin ya wanke Imray, ya ce harbin yana bisa doka. Amma ya ƙara da abin da Turawan Akra ba su so ji ba, cewa tsarin mulkin 1946 da suke taƙama da shi ya tsufa tun ranar haihuwarsa, dole a ba 'yan ƙasa hannu a mulki da gaske. Daga nan abubuwa suka yi ta bin juna da sauri: kwamitin Coussey na 'yan ƙasa zalla a 1949, kafa jam'iyyar CPP a Yuni na shekarar, zaɓen Fabrairu 1951 wanda Nkrumah ya ci yana kurkuku, sa'an nan 'yancin kai ran 6 ga Maris 1957, shekara tara da kwana shida bayan harbin.

Ba a Gwalkwas kaɗai aka sāka wa tsofaffin sojoji da harsashi ba. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojan Faransa sun buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka komo daga zaman fursuna a hannun Jamus, domin sun nemi bashin albashinsu. Faransa ta daɗe tana cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi da yawa suna cewa sun fi haka ƙwarai, sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan gilla ne. Bambancin shi ne, na Thiaroye a bayan shingen bariki aka yi shi, aka binne maganar shekara da shekaru. Na Osu kuwa a kan titi aka yi, a gaban idon birni, ba yadda za a ɓoye shi.

Gana ba ta manta ba. Babbar hanyar da ta bi ta wurin sunanta Hanyar 28 ga Fabrairu. Kowace shekara a ranar, 'yan mazan jiya sukan fito da hulunansu da lambobinsu a ƙirji, sojoji da 'yan sanda su yi fareti, limamin Kirista da na Musulmi su yi addu'a, a busa bigila, a yi shiru na ɗan lokaci. Sa'an nan a ajiye furanni da sunan gwamnati, da sunan rundunonin tsaro, da na tsofaffin sojoji, da na sarakunan gargajiya, dangin mamatan suna zaune suna kallo. Mutanen La, garin su Adjetey da ke gabas da Osu kaɗan, suna riƙe da shi a matsayin ɗansu. Duk da haka, in aka auna, 'yan siyasa sun fi sojojin samun rabo. Tun 2007 fuskokin Manyan Shida suke kan yawancin takardun kuɗin Gana, kowace mai tallan kifi tana ƙulle su a bakin zane. Mutum ukun da jininsu ya buɗe wa shidan hanya, sai wanda ya je mararrabar ne zai ga kamanninsu.

Su ukun ma sun yi sa'a, gama an san sunayensu. A nan ne maganar magatakardan bariki take komowa. Wanda aka rubuta shi da sunan ƙabilarsa kawai, ya mutu a Kamaru ko a kurmin Bama, da wuya jikokinsa su gane shi ko da sun ga sunan a jikin dutse. Na yaƙin farko da yawa ko dutsen ma ba su samu ba. A Afrilu 2021 hukumar da take kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto a kan aikinta na dā, ta yarda cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a wurin tunawa ba, alhali kowane farabitin Bature an ba shi dutsensa ko layinsa a bango. Rahoton ya kawo maganar Gwamnan Gwalkwas na 1923, Guggisberg, wanda ya ce talakan ƙasar ba zai gane amfanin dutsen kabari ba, ba kuwa zai ga darajarsa ba. Wannan fa shi ne Gwamnan da ake yabo domin ya gina asibitin Korle Bu da makarantar Achimota da tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Ga mutanen da suke binne iyayensu a cikin gida, suna kiran sunayen kakanni a kowane biki, maganar nan ba ta da tushe ko kaɗan. Ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a gaban majalisa a watan da rahoton ya fito.

A yaƙi na biyu an ɗan gyara. A Osu ɗin dai akwai maƙabartar sojoji mai fararen duwatsu a jere, inda ake taruwa ran 11 ga Nuwamba kowace shekara, ranar da Nijeriya ma take kiyayewa a dā kafin ta mai da tata ran 15 ga Janairu saboda ƙarshen yaƙin basasa. Sauran tunawar kuwa tana cikin sunayen wurare, waɗanda mutane suke faɗa kullum ba tare da sun tambayi asalinsu ba. Hedkwatar sojan Gana a Akra sunanta barikin Bama. Akwai filin wasa na El Wak a Akra, da barikin Wadara a Kumasi, da barikin Kamina a Tamale, da barikin Myohaung kusa da Takoradi. Wanda ya san barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, ko na Chindit a Zariya, ko na Dodan a Ikko, ya san 'yan'uwansu, domin duk daga yaƙin Bama sunayen suka fito.

Cikin waɗanda suke tsaye a mararrabar ranar harbin akwai wani saurayi mai suna Joseph Hammond, farabiti, wanda ya yi yaƙin Bama a runduna ta 82. Ya rayu ya ga 'yancin kai, ya ga juyin mulki iri iri, ya yi ta ba da labarin ranar ga duk wanda ya tambaye shi. A watan Mayu 2020, lokacin annobar korona, yana da shekara 95, ya yi tafiyar mil biyu a ƙasa kowace rana har kwana bakwai a titunan Akra, mil 14 ke nan, domin ya tara kuɗin sayen kayan kāriya ga ma'aikatan asibiti, da na taimakon tsofaffin sojojin Afirka da suka rage, waɗanda da yawansu har a lokacin suna zaune cikin rashi.